Na gina birni a ƙarƙashin teku, amma labarin ya ƙi fitowa

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce mai son rubuta ƙagaggun labarai, kuma na daɗe ina gina wata duniya a littattafan rubutuna. Bayan yaƙin nukiliya da narkewar ƙanƙarar duniya, wasu mutane sun gudu ƙarƙashin teku sun kafa birni a zurfin mita 4,000, jikokinsu suna can cikin ilimi da wadata. Waɗanda aka bari a tudu suna fama da yunwa a kufai, kuma ɓangarorin biyu suna yaƙi. Na zana taswira, na jera sarakuna, har harshe na fara ƙirƙira musu. Amma duk sanda na zauna rubuta babin farko sai alƙalami ya tsaya. Na ba aminiyata ta karanta, sai ta ce, "To a kan me suke faɗa? Waɗannan suna ƙasa, waɗancan suna sama, wa ya taɓa wani?" Ta ƙara da cewa mutanen tekuna mala'iku ne, na tudun kuma miyagu ne ba dalili. Abin ya yi mini ciwo. Tun ranar ban sake kiranta ba, littattafan ma na tura su ƙarƙashin gado. Anti, in haƙura da labarin nan ne? Ko dai ba ni da baiwar?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ki durƙusa ki jawo littattafan nan ki karkaɗe musu ƙura. Aminiyarki kuma ki kira ta yau, ba sai kin tsaya dogon bayani ba, ki ce mata kin yi tunani a kan tambayarta. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Masu karantawa su ce "kai, ya yi daɗi" suna da yawa, kuma ba sa ƙara wa marubuci komai; wadda za ta karanta ta ɗora yatsa daidai inda ke ciwo, irinta ba a sakinta. Zancen baiwa kuwa ban ga inda ya shigo ba. Alƙalaminki ya tsaya ne don babu abin da zai rubuta. Kin gina gidaje biyu, kilomita huɗu tsakaninsu a tsaye, babu mai bin wani bashi, babu mai buƙatar wani. Zo mu zauna shi ne zo mu saɓa, mutanenki kuwa ba su zauna tare ba.

Daga zurfin nan na mita 4,000 matsalar ta taso, kuma ina jin kin zaɓe shi ne don ya yi kwarjini a kunne. Ruwa nauyi gare shi. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a tudu. A zurfin birninki ya ninka sau 400 kenan, ga duhu na dindindin, ga sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 4. A irin wannan wuri ɗan Adam ba shi da zaɓi sai ya zauna cikin rufaffen ƙarfe mai kauri, kuma tsaga guda ta isa a gama da kowa. A watan Yunin 2023 ƙaramin jirgin nutso Titan ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa ɓaraguzan jirgin Titanic, waɗanda ke kwance a zurfin kusan mita 3,800, mutum biyar da ke ciki suka mutu nan take. Birnin da ke can ƙasa ba shi da dalilin leƙo sama, mayunwatan kufai kuma ba su da abin da zai kai su gare shi. Aminiyarki ta yi gaskiya.

Akwai wata hanyar zama a ƙarƙashin ruwa wadda aka riga aka gwada, ita nake so ki duba da kyau. A 1963 Jacques Cousteau, Bafaranshe mai binciken teku, ya kafa wani ɗan ƙauye a Bahar Maliya kusa da gaɓar Sudan, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. A 1965 ya sake gwaji a Bahar Rum kusa da Faransa, mutum shida suka yi mako uku a zurfin mita 100. A shekarar ce kuma sojojin ruwan Amurka suka yi nasu a gaɓar Kalifoniya a zurfin mita 60 da 'yan kai. Sirrin irin waɗannan gidaje shi ne matsin iskar cikinsu daidai yake da na ruwan waje. Saboda haka ƙofarsu rami ce a ƙasan ɗaki, a buɗe, ruwa yana ƙyalli a cikinta kamar bakin rijiya amma ba ya hawowa. Mutum ya zura ƙafa ya fita aiki, ya dawo ya hau tsani ya goge jikinsa.

Jiki ne ke biyan kuɗin wannan sauƙi. Bayan kamar yini guda a irin wannan matsi, jini da tsoka sun sha iskar da ake shaƙa sun ƙoshi. In aka ɗago mutum da sauri sai iskar ta tsinke ta zama kumfa a jijiyoyi, a gaɓoɓi, a laka, a ƙwaƙwalwa. Abin da ke biyo baya ciwo ne mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Masu nutson da ke gyaran bututun mai a teku a yau suna da ƙiyasinsu: kusan kwana guda na rage matsi a hankali ga kowane mita 30, a ƙara kwana ɗaya a kai. Sauka kuwa aikin sa'o'i ne.

To ki ɗauko birninki ki dasa shi a mita 150, a kan shimfiɗar ƙasar da ke gangarowa daga gaɓa kafin teku ya yi zurfi na gaske, ki ga abin da zai faru da labarin. Jarumin teku ba zai fita da asuba ya kai hari ya dawo gida da yamma ba, domin kafin ya shaƙi iskar tudu sai ya yi kwana shida a kulle. Wanda ragar masunta ta kama aka jawo shi sama, an kashe shi ko ba a taɓa shi da makami ba, kuma mai yiwuwa masuntan nan ceto suka yi niyya. Mutumin tudu da aka sauke birnin ya kwana ɗaya ya zama fursuna ba sarƙa ba mai gadi. Ƙofa a buɗe take a gaban ƙafarsa, amma ya san abin da zai same shi in ya bi ta ya yi sama. Duk wannan babu wanda na ƙago, halin jikin ɗan Adam ne a cikin ruwa.

A wannan zurfin iskar da muke shaƙa ma guba ce. Naitirojin da ke cikinta yana fara bugar da mutum tun wajen mita 30, oksijin kuma in matsi ya yi yawa yana jawo farfaɗiya. Shi ya sa ake maye gurbin naitirojin da hiliyom, wata iska mara nauyi, a rage kason oksijin zuwa 'yan kaɗan cikin ɗari. Hiliyom yana siranta murya har magana ta yi wuyar ganewa, yana kuma zuƙe zafin jiki, sai an ɗumama ɗaki ya kai wajen digiri 30 kafin mutum ya daina rawar sanyi. Ki tuna da wannan ranar da za ki rubuta sarkinsu: dattijo mai kwarjini, gumi na tsattsafo masa, yana yanke hukuncin kisa da muryar da za ta sa baƙo ya danne dariya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hiliyom ba a haɗa shi a masana'anta. Daga iskar gas ta rijiyoyi ake tace shi, a manyan matatu na tudu a ƙasashe irin Amurka da Katar da Aljeriya, kuma yana sulalewa ta kowace 'yar kafa. Birninki yana yoyon numfashinsa kaɗan-kaɗan kullum, hanyar sake cika shi kuma tana hannun mutanen da kika ce ba ya buƙata.

Sannan babu wuta. A iskar da oksijin ya yi ƙaranci haka, ashana ba ta kamawa. Da lantarki za su iya walda, har su narka ɗan abu, amma doguwar hanyar da ke tsakanin tama da ƙarfe mai kyau aikin tudu ce, ruwan gishiri kuma ba ya hutawa da cin abin da suke da shi. Kowace ƙusa, kowane bawul, kowace robar da ke toshe bakin taga tana tsufa. Mutanen da kika zana cikin wadata, in aka duba, masu ƙirgen ƙusoshi ne, kuma mai ƙirgen ƙusoshi yakan yi rowa, yakan hana haihuwa sai da izini, yakan rufe ƙofa a kan ɗan'uwansa. Kin ga mala'ikun sun fara zama mutane.

Wataƙila ki ce, to in ba su huhun kifi mana a huta. Kina da iko, labarinki ne. Sai dai ki sani oksijin da ke cikin ruwa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na wanda ke cikin iska ba, kuma manyan dabbobin teku masu shayar da 'ya'yansu duk sai sun taso sun shaƙi iska. In kin ba su wannan, kin sauya halitta gaba ɗaya, kuma kin yi asarar duk ƙullin da na lissafa miki a sama. Ni dai ba zan saya ba.

Su kuma na tudu me suke nema a ruwa? Abinci kafin komai. Ƙasar da burbushin nukiliya ya gurɓata ba ta ciyar da manomi da aminci, sai ido ya koma kan kifi, kuma mafi yawan kifin da duniya ke kamawa daga wannan shimfiɗar ta kusa da gaɓa yake fitowa, wato daidai saman rufin birninki. Kada ki ɗauka mutanen teku sun tsira daga yunwar. Kusan duk abin da ke raye a teku ya dogara ne ga ƙananan tsirran da ido ba ya gani, masu yawo a mita 200 na sama inda hasken rana ke kaiwa. In hayaƙin yaƙi ya rufe rana su ne farkon raguwa, kifi ya biyo baya. Dutse ɗaya ne, Tambora na Indunusiya, ya yi aman wuta a 1815, amma a 1816 amfanin gona ya lalace har a Turai da Arewacin Amurka saboda sanyi.

Faɗa a kan kifi kuwa ba sai kin ƙirƙiro kamanninsa ba. Tsakanin 1958 da 1976 Birtaniya da Aislan sun gwabza har sau uku a kan ruwan kamun kifi. Aislan ba ta da rundunar sojan ruwa, sai 'yan jiragen tsaron gaɓa. Abin da suka yi shi ne suka ƙera wata ƙugiya mai kaifi da ake ja a bayan jirgi, su gitta ta bayan jirgin masunta su datse igiyoyin ragarsa, raga da kifin cikinta su tafi ƙasa. Jirage sun yi ta karo da juna, a ƙarshe ƙaramar ƙasar ce ta samu abin da take so, mil 200 na ruwa. Ki nemi tarihin wannan rikici ki karanta da idon marubuciya. Mutanen tekunki ma igiya za su datse, su kwanta da zuciya ɗaya cewa ba su zubar da jinin kowa ba. Ga iyalin da ragar nan ce kaɗai dukiyarsu, an kashe su ne a hankali.

Tunda kin ce ƙanƙara ta narke, ga wani lissafin. Ko duk ƙanƙarar Antatika da Girinlan ta zama ruwa, teku ba zai hau fiye da kusan mita 70 ba, kuma hakan ba aikin shekara goma ko ɗari ba ne, saboda haka ki ba duniyarki isasshen lokaci. Biranen gaɓa da suka nutse suna nan tsakanin saman ruwa da mita 70, cike da wayoyin jan ƙarfe da gilashi da injuna. Wurin ya yi wa mazaunin mita 150 sama, ba zai isa can ba sai ya bi tasha-tasha yana rage matsi. Ya kuma yi wa mutumin tudu zurfi, sai dai ya riƙe numfashi ya faɗa na minti ɗaya ko biyu, ya fizgo abin da hannunsa ya kai. Kowane ɓangare yana ganin gadonsa ne, babu kuma wanda zai iya zama a ciki ya tsare shi. Nan ne filin dagarki. Har ƙarfen da ke kwance a ƙasan ruwa yana da wata daraja ta daban: tun gwajin bam na farko a 1945 ƙarfen da ake narkawa yakan ɗauki ɗan burbushin nukiliya daga iska, shi ya sa masu ƙera na'urorin awo masu tsananin kula suka riƙa neman ƙarfen jiragen da suka nutse kafin lokacin, irin jiragen yaƙin Jamus da ma'aikatansu suka nutsar a Scapa Flow ta Sikotlan a 1919. A duniyar da bama-bamai suka tashi ko'ina, ki yi tunanin farashin ƙarfe mai tsabta.

Irin wannan wuri yakan haifi mutanensa. Al'ummar Bajau na tekunan Indunusiya da Malesiya da Filifin sun yi ƙarnoni suna zaune a kan jirage suna nutso da numfashi ɗaya, kuma wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano saifarsu ta fi ta maƙwabtansu mazauna tudu girma da kusan rabi. Saifa tana ajiye jini mai ɗauke da oksijin, ta matso shi lokacin nutso. A cikin mutanen tudunki za a samu irinsu, masu fasasshen dodon kunne, waɗanda 'yan'uwansu ke zargi da kusanci da abokan gaba, na ƙasa kuma suke kira ɓarayi. In kina neman jaruma, a cikinsu za ki duba kafin fada.

Saura tsohuwar gaba, domin ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da aka zubar a tudu ƙarshensa teku. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an jibge dubban tan na makamai masu guba a Tekun Baltik kusa da tsibirin Bornholm, kuma shekaru da dama bayan haka masunta suna jawo dunƙulen gubar a raga tana ƙona musu fata. Daga 1946 har zuwa 1993 ƙasashe da dama sun zubar da gangunan sharar nukiliya a teku. Uwar da ta haifi ɗa mara lafiya a birninki za ta ɗaga kai sama ta ce, "Su ne." Mutumin tudu kuma zai ce, "Kakanninmu ne suka zubar, kuma su ne kakanninku. Bambancin kawai naku suna da kuɗin kujera a jirgin da ya sauka, suka ja ƙofa suka bar mu." Wa ya zaɓi waɗanda suka sauka? Da wane ma'auni? Mutum nawa aka bari a bakin tasha suna kallo? Amsar waɗannan ta fi jerin sarakunanki goma amfani, kuma ita ce za ta cire wa na tudu rigar mugunta da kika sa musu.

Yaƙin kansa ba zai zama na mamaya ba, tunda babu mai iya kwana a gidan wani. Na sama suna da sauƙin jifa: duk abin da suka saki yana gangarawa da kansa, kuma bugun fashewa a cikin ruwa ya fi na iska ɓarna ga huhu da kunne, ganga ɗaya ta albarushi a saman gida mai buɗaɗɗiyar ƙofa ta isa. Na ƙasa suna da cikin jirgi, inda babu mai gadi. Suna kuma da kunne. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, ya ninka na iska fiye da sau huɗu, yana kuma yin nisa ƙwarai, alhali rediyo ba ta ratsa ruwan gishiri sosai. Jirgi mai inji ana jinsa tun yana nesa. Talakan da ba shi da mai, wanda ya koma wa filafilan iska, shi ne ba a jin zuwansa, talaucinsa ya zama makami. Saboda haka abin da za ki rubuta takunkumi ne, da garkuwa da mutane, da fasaƙwauri, da sulhun da ake ƙullawa ana warwarewa. Zurfin nan da kike so ma ba sai kin yar da shi ba. A 1977 jirgin nutso Alvin ya gano maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galapagos a zurfin kusan mita 2,500, kewaye da halittun da ba su dogara ga rana ba. Ki mai da shi wurin da ake zuwa da rufaffen jirgi sau ɗaya a rayuwa, ko abin da malamansu ke yi wa jama'a alkawari. Babban birni dai ba zai zauna can ba.

Yanzu ga aikin da na ba ki. Taswira da ƙamus da sarakuna ki ɗaure su wuri guda, kada ki ƙara musu ko layi ɗaya sai kin gama babi uku. Gina duniya yana da daɗi saboda babu wanda zai ce ya yi ko bai yi ba, shi ya sa marubuta da yawa suke ɓuya a cikinsa shekara da shekaru. Ki fara da ɗakin rage matsi. Tulun ƙarfe ne mai gado biyu ko huɗu, da 'yar taga mai kaurin gilashi, da wata ƙaramar kafa mai murfi biyu da ake zuro abinci ta ciki. Ƙofarsa ciki take buɗewa, matsin iska ne ya danne ta, ko mutum goma ba za su iya janta ba sai ranar da matsin ya sauka. Ki sa mutum biyu a ciki: jakadiyar teku da aka aiko neman hiliyom, da mai nutson tudu da aka kama aka sako shi a musayar fursunoni, wanda mutanenta suka datse wa mahaifinsa raga. Kwana shida, babu fita, suna magana da siririyar muryar nan, bawul ɗin kuma yana hannun wani na uku a waje wanda ba su san wa yake yi wa aiki ba. Kada ki yi bayanin yaƙin nukiliya ko tarihin birnin a wannan babi. Abin da ɗayansu ya jefi ɗayan da shi cikin fushi, shi kaɗai mai karatu zai sani. Ki rubuta daren farko tukuna, shafi biyar ko shida, ki aiko mini in gani.